Tambaya da Amsa: Sarƙar kabon a cikin bututu

Tambaya: Malam barka da aiki. Na ji an ce akwai sarƙar kabon da kaurinta atam ɗaya ne kacal, wai a cikin wani bututu ake ajiye ta. To ta yaya aka san tana ciki alhali ido baya gani? Daga wata ɗalibar kimiyya a Zariya.

Amsa: Yauwa 'yata, wannan sarƙa ita ake kira kabain, atam bayan atam a jere kamar carbi. Tun 1885 wani masani Bajamushe Adolf von Baeyer yayi maganarta, amma matsalarta bata zama ita kaɗai, da ta taɓa wata sarƙar sai su haɗe ta lalace. Shi yasa a 2016 masu bincike a Jami'ar Biyana ta Ostiriya suka gina ta a cikin siririn bututun kabon mai bango biyu, bututun ya kare ta har suka samu sarƙa mai atam sama da 6000, abin ya burge ni ƙwarai wallahi.

Ganinta kuwa da haske ake yi. Ana haska mata lesa, wato haske mai ƙarfi mai launi ɗaya, atam ɗin suna girgiza sai kaɗan daga hasken ya dawo launinsa ya ɗan canza, wannan dabara ita ce ta C. V. Raman ɗan Indiya wanda ya ci kyautar Nobel a 1930. Ana auna wannan canjin launin da lamba: bututun nada tasa alamar wajen 1590, sarƙar kuma tana fitowa daban wajen 1800 zuwa 1860. In sarƙar tayi tsawo lambar sai ta sauka, faɗin bututun ma yana motsa ta.