Tambayoyinku kan tsofaffin kekuna: wanne za a gyara, me za a saya

Tambaya ta farko daga wani malamin makaranta ce a unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi. Ya ce: "Baba, mahaifinmu ya rasu ya bar keke Raleigh a jingine cikin zaure, ya yi shekaru ba a hau shi ba. Wani ya taya jika 25, mai gyara kuma ya ce in kawo kuɗi ya sauya masa komai sabo. Wanne zan yi?"

Malam, Allah ya jiƙan tsoho, ya sa ya huta. Ka dakata da duka biyun tukuna, musamman na biyun, don "a sauya komai" ita ce hanyar da kekunan kirki suka fi mutuwa a garin nan.

Fara da gangar jikin. Fitar da keken tsakar gida da hantsi, ka goge ƙura, ka sa yatsa ka shafa ƙarƙashin bututun da ya gangaro daga wuya zuwa wurin feda, daf da inda ya haɗu da wuyan. In ka ji ɗan tudu, ko ka ga fenti ya yamutse a nan, keken ya taɓa yin karo ta gaba, ƙarfen ya lanƙwashe. Sannan ka ɗaura zare a inda ƙafar baya ke zama, ka zagayo da shi ta wuya, ka komo da shi ɗaya gefen. Auna tazarar zaren da bututun da ke ƙarƙashin sirdi, dama da hagu. In daidai suke, jikin a miƙe yake. Tsatsar sama ba komai ba ce. Wadda ake tsoro ita ce wadda ta huda, kuma ta fi cin ƙasan keke inda ruwa ke kwanciya.

Raleigh na asali ba ya ɓuya. Kamfanin na birnin Nottingham ne a Ingila tun 1887, tambarinsa kan zalɓe ne a goshin keke, kuma a da yawa daga cikin tsofaffin za ka ga siffar zalɓen an huda ta a jikin babban farantin sarƙa. Inda ƙarafa biyun da ke riƙe ƙafar gaba suka haɗu kuma bututu ne a kwance, da ɗan murfi mai ƙyalli a kowane gefe. In mai giya uku ne, duba jikin tulun ƙafar baya, wato tsakiyar wili inda sifoka ke haɗuwa: kamfanin Sturmey-Archer mai ƙera giyar ya kan buga shekara da wata a nan, misali 74 da 6, wato Yunin 1974. Raleigh sun daina ƙera keke a Nottingham a 2002. Sun kuma taɓa samun masana'anta a Kano, shi ya sa kekunansu suka cika ƙasar Hausa, daga can su bi ta Katsina da Jibiya su shigo mana.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce kada ka yarda da sauya komai. Raleigh na Nottingham suna da zaren notinsu na kansu. A wuya da kuma kwankon da sandar feda ke juyawa a ciki, nasu zare 26 ne a inci ɗaya, na mafi yawan sauran kekuna 24. Ido ba ya ganin bambancin. Sabon kwanko zai shiga zagaye biyu ko uku ya cije, mai gyara ya ɗauko babbar sufana ya danna da ƙarfi, ya cinye zaren jikin keken, garin neman gira a rasa ido. Tsoffin kwankunan ƙarfe ne mai tauri ƙwarai, sau da yawa lafiyarsu lau. A kwance su, a jiƙa cikin kananzir, a duba hanyar da boris ke bi. In sumul take ba rami, boris kawai za a sauya: na wurin feda masu kwatan inci ne, 11 a kowane gefe, a cika da giris. Duk notin da za a ɗaura wa keken nan, a fara da yatsa. Wanda ya ƙi tafiya da yatsa ba nasa ba ne.

Ka zauna a wurin ranar da za a kwance shi. Ka je da gwangwani, duk abin da aka cire a jefa ciki ka koma da shi gida, ko da an ce ya mutu. Na sha ganin tsohon farantin sarƙa mai zalɓe a cikin tarkacen 'yan gwangwan, an auna shi a kilo, an maye gurbinsa da wani mai laushi da ba ya shekara biyu.

Abu ɗaya da ke ba masu gyara wuya shi ne 'yar ƙusar nan mai noti da ke riƙe ƙafar feda a jikin sanda. A sassauta notin har ya yi daidai da bakin ƙusar, a tokare ƙafar fedan daga ƙasa da guntun bututu, a buga sau ɗaya da ƙarfi. Ƙananan bugu lanƙwasa ta suke yi, kuma in ba a tokare ba boris ne ke shan dukan. Ta Ingila kaurinta milimita 9.5 ne. Wajen mayarwa, ta dama da ta hagu su kalli saɓanin juna, in ba haka ba fedojin ba za su miƙe a layi ɗaya ba.

In jikin ya tsallake gwajin nan, kada ka sayar a jika 25. Taya, tiyub, sarƙa, robar birki da boris su ne abin sauyawa, sauran wanki ne da mai.

Na biyu wani ɗan kasuwa ne daga Sabon Gari: "Na sayi taya an rubuta 28 a jikinta, keken nawa ma 28 ne, amma ta ƙi hawa. Mai shago ya ce wilina ne ya lalace."

Alhaji, wilinka ƙalau yake. Taya mai lamba 28 iri biyu ce. Ta tsofaffin manyan kekuna masu birkin sanda, irin su Raleigh, Phoenix da Hero, ita ce 28 x 1½, faɗin bakinta milimita 635. Ɗayar, wadda Faransawa ke kira 700C kuma ake yawan rubuta mata 28 x 1⅝, milimita 622 ce. Milimita 13 ke tsakaninsu, ba kuwa ƙarfin da zai sa ɗaya ta zauna a wurin ɗaya. Lamba 26 ta fi wannan rikici: akwai 590 ta ƙananan kekunan Ingila, 584 ta Faransa da ake rubuta wa 650B, da 559 ta kekunan gwanjo masu faffaɗar taya. Ka manta da babbar lambar. Nemi 'yan ƙananan lambobi biyu masu ɗan layi a tsakani, kamar 40-635. Ta biyun ita ce gaskiyar magana.

Mayar masa da ita tun ba ta yi datti ba, ka riƙe tsohuwar tayar a hannu. Kafin ka karɓi sabuwa, matse gefenta da yatsu biyu ka duba a haske. Tayar da ta daɗe a rataye cikin zafin shago tana tsattsagewa tun ba a hau ta ba. In hanyarka ta gona ce, inda tsidau ya yi yawa, yanka tsohon tiyub ka shimfiɗa tsakanin taya da sabon tiyub, zai rage maka zaman wurin mai faci.

Wani ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya rubuto cewa kawunsa ya ba shi tsohon Peugeot mai giya da lanƙwasasshen kai. Feda ɗaya ta karye, ya sayi sabuwa ta ƙi shiga, kwankon dama kuma kullum sai ya kwance.

Ɗana, ka samu keke mai daɗin hawa da wuyar sha'ani. Peugeot sun fara keke tun 1882, kuma har wajen farkon shekarun 1980 Faransawa awonsu daban ne da na kowa. Dubi ƙarshen tsohuwar fedar. In ka ga D da G, ta Faransa ce, zarenta milimita 14 x 1.25. Wadda ka sayo mai R da L ce, ta ɗan fi kauri. Mafita mai sauƙi: kai ƙafafun fedan wurin masu injin yanka ƙarfe su buɗe zaren zuwa awon Ingila, 9/16 na inci, daga nan kowace feda ta kasuwa za ta shiga. Ka tuna musu ta hagu zarenta na hagu ne, ƙarfen yanka shi daban.

Kwankon dama kuwa haka Faransawa suka yi shi. A kekunan Ingila zaren wannan gefen na hagu ne don kada juyawar feda ta kwance shi, su kuwa suka yi duka biyun na dama. Babu magani sai a wanke zaren, a ɗaure shi tamau da babbar sufana. Kada a buga masa walda, kada kuma a cusa na Ingila. Ƙusar ƙafar fedansu milimita 9 ce, sandar da ke riƙe kai 22 ce maimakon 22.2, wannan kam ana iya goge sabuwa da sanfefa har ta shiga. In abin sauya giyar Simplex ne mai baƙar roba, duba shi da kyau, robar tana tsagewa in ta tsufa. Kaya irin waɗannan ba a shagon sababbi ake samunsu ba. Zagaya wurin tsofaffin masu gyara ka roƙi su bar ka ka tona buhun tarkacensu, ka leƙa babbar kasuwa ran Litinin ko Juma'a. Mataccen Peugeot da aka yar ya fi maka amfani da shago guda na sababbin kaya.

Wata baiwar Allah daga Ali Ɗan Sofo tana so ta gyara wa maigidanta kekensa na samartaka ba tare da ya sani ba. Tambayarta kan fenti da sirdi ce: mai fenti ya ce zai kankare shi tas ya fesa masa ja, sirdin fata kuma ya bushe ya tsage.

Hajiya, Allah ya bar ƙauna. Amma ni da za ki ji tawa, kada a kankare. Tsohon baƙin fentin nan gasa shi aka yi a masana'anta, ya fi na gwangwanin feshi riƙo nesa ba kusa ba, kuma siraran layukan zinariya da tambarin da ke jiki in suka tafi sun tafi. A wanke da ruwa da sabulu, a bushe, a shafa ɗan mai da tsumma a goge. Za ki yi mamakin baƙin da zai fito. Kai da wili da sandunan birki masu ƙyalli kada sanfefa ta taɓa su. A dunƙule takardar alminiyom, a tsoma a ruwa, a riƙa gogawa a hankali. Ƙananan notuna su kwana cikin ruwan lemun tsami, a ɗauraye, a shafa mai nan take, in ba haka ba kafin la'asar sun sake yin ja. In kuma akwai tsaga a mahaɗar bututu, a nemi mai waldar gas da tagulla, da ita aka haɗa su tun asali. Waldar lantarki ƙona siririn bututu take yi.

Sirdi kuwa, in fatar bushewa kawai ta yi, a shafa ɗan man kaɗe ta ƙasa, kaɗan, a bar shi ya sha. Ban da baƙin mai. Akwai noti a ƙarƙashin hancinsa mai ɗame fatar, rabin zagaye ya isa, in aka zarce sai ta yage. In ta riga ta yage wurin ƙusoshi, a kai ƙarfen sirdin da tsohuwar fatar wurin dukawa su yanka sabuwa a kanta. Ki ce musu ƙirgin saniya mai kauri. Fatar jar akuyarmu ta Maraɗi duniya ta san da ita, amma ta jaka da takalmi ce, ba za ta ɗauki nauyin mutum a sirdi ba.

Na ƙarshe daga Tibiri yake. Yana kawo kaya Maraɗi kusan kullum, yana tambaya tsakanin tsohon Phoenix da keken gwanjo mai giya 18 wanne zai saya, kuɗinsu kusan ɗaya.

Ƙanena, ɗauki Phoenix. Shi da Flying Pigeon na Sin, da Hero na Indiya, duk a kan fasalin tsohon keken Ingila aka yi su, kayansu suna shiga juna, kuma duk mai gyaran da ke gindin bishiya tsakanin Tibiri da nan ya san cikinsu. Sarƙarsa mai kauri ce, ta 1/8 na inci, ba ta damu da rairayi kamar siririyar sarƙar mai giya ba. Na gwanjon ya fi sauƙin hawa tudu, amma ranar da abin sauya giyarsa ya karye za ka yi sati kana nema, ba a kuma yi bayansa don buhu ba. Kafin ka biya, ɗaga ƙafar baya ka juya ta ka ga ko tana rawa, ka matsa sifoka biyu-biyu ka ji ko akwai sakakku, ka ƙirga ramukan wilin, don irin waɗannan galibi 32 ne a gaba 40 a baya, wilin zamani mai 36 ba zai hau tulunsu ba. Birkin sanda a kan wilin ƙarfe ba ya kamawa sosai in ya jiƙe, saboda haka da damina ka fara matsa shi tun da nisa. Sarƙa kuma ka ɗiga mata mai ka goge na saman da tsumma, wanda ya rage a waje ƙasa kawai yake tarawa.