Tambaya da Amsa: Na'urar Cire Tayar Babur a Gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da babura biyar ƙirar Bajaj Boxer da matasa ke yin kabu-kabu da su a cikin garin Sakkwato, kuma da wuya mako ya wuce ba a kai ɗaya wurin mai faci ba. Na ga ana tallar na'urar hannu ta cire taya, ina so in saya in kafa a gida. Shin ya dace, kuma yaya ake kafa ta? Daga mai karatu a Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ga mai babur ɗaya, liba biyu ko uku da famfo mai kyau sun wadatar, amma wanda ke da babura biyar a kan titi kullum yana da hujjar sayen wannan na'ura, domin yinin da babur ya yi a ajiye yana jiran layi kuɗi ne ya salwanta. Shawarata ita ce ka nemi ta hannu, ka bar mai aiki da lantarki ga masu shago, tun da tana da tsada kuma tana bukatar wuta tsayayya da injin iska.

Na'urar ba wani abu mai wuyar fahimta ba ne. Tana da gindi, da maƙalai masu riƙe rim, da sanda a tsakiya wadda doguwar liba ke jingina da ita tana zagayawa, sai kuma hannun da ke danne bakin taya ya rabu da rim. Kafin ka biya, ka tabbatar tana riƙe rim mai inci 17, wanda shi ne na Boxer, da mai inci 18 da ke kan babura da yawa ƙirar China, saboda wata rana kana iya sauya babur. Ka duba ko sandar tsakiya za ta shiga ramin ƙafar babur, domin da yawa daga cikin na'urorin nan don ƙafar mota aka ƙera su, sandarsu ta yi kauri. Haka kuma maƙalai da bakin liba su kasance da rufin roba, in ba haka ba za su kankare rim, musamman na alminiyom. Ƙwararren mai walda a nan cikin gari zai iya ƙera maka gindin da ƙarfe mai kauri idan ka nuna masa hoto, kuma sau da yawa nasa ya fi na kwali ƙwari.

Wurin kafawa shi ne inda mutane suka fi yin sakaci, kuma a nan nake so ka fi mai da hankali. Na'urar da ba a ɗaure da ƙasa ba juyawa take yi tare da mai aiki, sai ya ƙara ƙarfi, sai liba ta kuɓuce ta huda tib ko ta buge shi a haɓa. Ka zuba daɓen kankare mai kaurin inci huɗu zuwa shida, ka binne ƙusoshi masu noti daidai da ramukan gindin, ka riƙa yayyafa masa ruwa na kwana bakwai aƙalla, domin zafin Sakkwato yana busar da siminti kafin ya yi ƙarfi. Ka bar fili ta kowane ɓangare yadda mutum zai zagaya da liba ba tare da ya bugi bango ba. Ka kuma yi rumfa a kai, ka ajiye tayoyi a inuwa, ganin cewa a watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma rana tana tsattsaga roba.

Aikin kansa dabara ya fi bukata. A tsakiyar rim akwai kwari, kuma idan ka danna bakin taya cikin wannan kwarin a gefen da ya fi nisa da liba, gefen da libar take zai sami sarari ya haye cikin sauƙi. Duk lokacin da yaronka ya ji taya ta ƙi, to bakin ya fita daga kwarin ne, sai ya tsaya ya gyara. A shafa ruwan sabulu a bakin taya, kada a sa baƙin mai ko fetur, domin suna lalata roba. A ɗan hura wa tib iska kaɗan kafin a saka shi don kada ya naɗe, a duba kibiyar da ke jikin taya ta fuskanci inda ƙafar ke juyawa, a kuma shafa cikin tayar da hannu a hankali, saboda ƙayar aduwa ko ƙusa da ta saura a ciki za ta sake huda sabon tib tun kafin babur ya kai Gawon Nama.

Game da iska, ka sayi ma'auni ka daina dogaro da matsa taya da yatsa. Irin waɗannan babura sukan ɗauki kimanin 25 a gaba da 28 zuwa 32 a baya a ma'aunin PSI, gwargwadon kaya, amma abin da littafin babur ya ce shi za ka bi, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Ina roƙonka da babbar murya kada ka yarda wani ya zuba fetur ya ƙyasta ashana don taya marar tib ta zauna, domin rayuwar ɗan mutane ce a hannunka.

Idan ka je sayen taya, ka nemi lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da haruffan DOT a jikin tayar, masu nuna lokacin da aka ƙera ta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 1423 na nufin mako na 14 a shekarar 2023. Wadda ta kai shekara biyar da ƙerawa ka bar wa mai shago abarsa, ko da zanenta bai taɓa taka ƙasa ba.