Zoben idon mage da aka kawo maka a Aboabo

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya, na bari sai da na rufe shago domin maganar tana da tsawo. Ka ce wani ya kawo maka zoben azurfa mai ƙwayar idon mage, ya ce daga Sirilanka dutsen ya fito, ya sa masa sidi 9,000, ya kuma ce a matsayin ajiya ya fi zinariya. Kana son sanin ko dutsen na da daraja da gaske, kuma ko ka saya.

Ni maƙerin fari ne, gadon sana'ar na yi, shekara 26 ke nan ina ɗora ƙwaya a kan zobe a nan Kumasi. Aƙiƙ da fairuz ɗin da alhazai ke dawowa da su daga Makka, Allah kaɗai ya san adadin da ya bi ta hannuna. Amma idon mage na ainihi, sau huɗu kacal na taɓa riƙe shi. Ka ajiye wannan a ranka tukuna.

Na farkon ina yaro ne, ina yi wa mahaifina zuga. Wani dattijo bafataken goro ya kawo zobensa a buɗa masa domin ya matse masa yatsa. Ya ce a hannun wani alhajin Sirilanka ya saye shi a Makka. Baba, Allah ya jiƙansa, bai ko taɓa kayan aiki ba, sai ya kira ni can ƙuryar shago inda babu haske, ya kunna tocila. Dutsen bai fi ƙwayar wake ba, launinsa kamar zumar da aka ɗaga wa rana. Da hasken ya faɗa masa sai wani farin layi siriri ya miƙe daga sama har ƙasa, sak ƙwayar idon kyanwa da tsakar rana. Ya karkata zoben, layin ya gangara gefe kamar yana shawagi a saman dutsen. Sannan ya dawo da tocilar ta gefe: ɓangaren da ke wajen hasken ya zama ruwan zuma, ɗayan ya yi fari kamar madara. Masu harkar a duniya madara da zuma suke kiran wannan, kuma shi ake nema. Daga ƙarshe ya sa na riƙe fitila ta biyu, yana juya zoben a hankali, layin ya rabu biyu, ya sake haɗewa, kamar ido yana buɗewa yana rufewa. Har yau ban ga dutsen da ya kama min zuciya irin wannan ba, kuma ina faɗa maka haka ne don kada ka zaci ina kushe shi.

Sunansa a wurin masana kirisoberil. A kasuwar duwatsu shi kaɗai ake kira idon mage kai tsaye. Duk wani dutse mai irin wannan layi sai an haɗa da sunansa na asali. Abin da ke haifar da layin wasu siraran allurai ne a cikin dutsen, dubbai, sun fi gashi siranta nesa ba kusa ba, duk suna kwance a jere. Mai yanka sai ya goge samansa ya yi tudu kamar kifaffiyar ƙwarya. In ka taɓa zuwa Bonwire ka ga kwarkwaron zare mai sheƙi a hannun masaƙan kente, za ka lura haske yana yin layi ɗaya yana ratsa zaren. To haka abin yake. Taurinsa 8.5 ne a ma'aunin Mohs, wato ma'aunin taurin duwatsu, daimon 10, yakutu 9, aƙiƙ kuwa bai wuce 7 ba. Shi ya sa zoben dattijon nan, duk ƙurar hanya da ya sha, fuskarsa na nan sumul.

Ana tono shi a Ratnapura ta Sirilanka, cikin tsakuwar tsoffin rafuka, da jihar Minas Gerais ta Barazil, da Odisha a Indiya, da Ilakaka a Madagaska, da Tunduru a Tanzaniya. Mu nan zinariya Allah ya ba mu a Obuasi da Tarkwa, da daimon a Akwatia. Duk wanda ya ce maka a ramin galamse, wato ramin masu haƙar zinariya ta bayan fage, ya tsinci idon mage, ka yi masa sallama.

Daraja kam yana da ita. Tun lokacin da Yarima Arthur, ɗan Sarauniya Biktoriya ta Ingila, ya ba wa matar da ya aura a 1879 zoben baiko mai wannan dutse, Turawa suka yi caa a kansa, farashinsa ya tashi. A gidan tarihi na Smithsonian da ke Washinton akwai wani daga Sirilanka mai karat 58.19 da ake kira Maharani. Karat biyar ne ke yin giram ɗaya. Masu tara irinsa layin suke fara dubawa: ya zama siriri, miƙaƙƙe, a tsakiya, ya kai daga baki zuwa baki ba tare da yankewa ba. Sai launi, na zuma shi ne gaba, mai ɗan kore-kore na bi masa, mai toka-toka shi ne ƙarshe. Sai tsabtar jiki, haske ya ɗan shiga cikinsa, ba tsaga. Sai girma. Ka kuma leƙa ƙasansa, domin masu yanka kan bar masa ƙaton ciki don ya yi nauyi, ka biya kuɗin karat ɗin da ke ɓoye a cikin azurfa.

Yanzu ga inda ake cutar mutane, kuma ni ma an cuce ni. Jim kaɗan bayan an canza kuɗi a 2007, wani dillali ya kawo min ƙwaya uku, layinsu tsaf, launinsu ba aibu. Kyansu ya rufe min ido, na biya. Sai da dare na sa madubin hannu na duba ta gefen ɗaya, na ga zane ƙanana-ƙanana masu kusurwa shida, kamar saƙar zuma. Gilashi ne, zararrukansa aka narkar aka haɗe a masana'anta. Kuɗin hayar shagona na wata biyu suka tafi, kuma na kwana ina jin kunyar Baba da ya koya min dubawa ban duba ba. Irin wannan gilashin shi ne ya cika kasuwa, shuɗi da ja da kore, a sarƙa da tasbaha. Wanda ya fi shi wahalar ganewa shi ne dutsen kwaz mai layi: na Allah ne, amma ba kirisoberil ba ne, layinsa mai faɗi ne kamar an goga alli, kuɗinsa kuma ba su taka kara sun karya ba.

Don haka ka ce da mai zoben a cire ƙwayar, aikin minti goma ne a wurin maƙeri. A auna ta a sikelin zinariya, a sake auna ta a rataye da zare cikin ruwa, a raba nauyin farko da bambancin da ke tsakanin biyun. Kirisoberil zai ba da kusan 3.7, kwaz 2.65. Kada ka yarda a karce shi da wuƙa ko magagari da sunan gwaji, ɓarna ce kawai. Bayan wannan ka nemi takardar ɗakin gwaji da aka sani, irin GIA, cibiyar nazarin duwatsu masu daraja ta Amurka, ko hukumar duwatsu ta gwamnatin Sirilanka, ka shigar da lambar a shafinsu na intanet ka ga ko nauyi da girman da ke rubuce sun dace da abin da ke hannunka. Takarda na da muhimmanci domin akwai wanda ake ƙerawa a ɗakin gwaji, sikeli ba zai raba shi da na ƙasa ba. A 1997 ma an gano wasu a kasuwannin Asiya da aka gasa da tururin nukiliya don su yi duhun launi, wasunsu na ci gaba da fitar da tururin.

Maganar ajiya kuwa, a nan na fi so ka saurare ni. Zinariya in ka matsu yau, ka shiga Adum da safe, a ɗora ta a sikeli, kafin azahar kuɗinka na aljihu, domin farashinta kowa ya san shi. Wannan dutse ba shi da farashin rana. Sai ka sami wanda ya san shi kuma yake so, su kuwa suna Kolambo da Bankok da Jaifur, ba a kasuwar Kejetia ba. Ɗaya daga cikin huɗun nan da na riƙe, magada ne suka kawo shi bayan rasuwar mahaifinsu. Na gaske ne, mai kyau. Ya fi shekara a akwatina ba mai taya shi da kuɗin kirki, a ƙarshe babban ɗan ya karɓe shi ya sa a yatsa. In kuɗin nan jarinka ne ko na makarantar yara, kada ka taɓa su. In rara ce, kuma dutsen ya ci gwaji, kuma ka kalle shi ka ji ranka ya kwanta da shi, saya ka sa, zai kai ga jikokinka.

Akwai kuma abin da na tabbata za a faɗa maka in ba a riga an faɗa ba, wai yana kare mutum daga kambun baka ko yana jawo kasuwa. Wannan daga masu duban taurari na Indiya ya taso, su ne ke kiransa lahsuniya suna danganta shi da Ketu, ɗaya daga cikin taurarin da suke duba da su, kuma suna cikin masu ɗaga farashinsa. Mu dai dutse dutse ne, ado ne halal a kan azurfa, kada a ƙara maka ko sidi ɗaya a kan wannan zance.

In kana so ka turo min saƙo, ka zo da zoben bayan la'asar, ka zo da mai shi ma domin a cire ƙwayar a gabansa. Sikeli da madubi suna nan, ba sai ka biya komai ba.