Fatawa: Ƙanena na da taɓin hankali, mun sa masa mari. Wa shari'a ta ɗora wa nauyinsa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni magini ne a Tawa. Ƙanena ya tafi cin rani Libiya, ya dawo ba yadda ya tafi ba. Ba ya barci, yana magana shi kaɗai, wani lokaci ya ɓace mu yi ta cigiya. Mahaifinmu ya rasu, tsohuwa kuma ƙarfi ya ƙare. An yi ruƙiya, daga baya muka kai shi likita, ya sha magani ya samu sauƙi, sai kuɗi suka yanke muka tsaya, ciwon ya dawo. Yanzu yana ɗaki da mari a ƙafa. Muna da zunubi? Nauyinsa yana kanmu ne ko kan hukuma? Ana iya saya masa magani da zakka?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ƙanenka lafiya, ɗan'uwa, ya saka maka da alheri da ba ka sake shi kan titi ba.

Bari in fara da marin, don shi ne ba ya jiran gobe. Ɗaure mutum da ƙarfe asalinsa haramun ne, domin cutarwa ce, kuma Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, kamar yadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Duk wanda ya taɓa ganin ƙafar da ta daɗe cikin mari ya san abin da nake faɗa: fatar idon sawu ta saluɓe, ƙuda na bi, mutum yana cin tuwo taku biyu daga inda yake biyan buƙatarsa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wata mata ta shiga wuta kan kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. To ina ga ɗan Adam? Iyakar abin da lalura ta halatta shi ne, in ya tashi zai halaka kansa ko wani, a riƙe shi na ɗan lokaci da abu mai taushi, wani yana zaune kusa da shi, har a isa da shi wajen likita. Lalura gwargwadonta ake auna ta. Ban kira ku azzalumai ba, na san rashin yadda za a yi ne ya kai ku nan. Amma ku nemi gafarar Allah, ku koma wajen likitan da ya fara duba shi, ku gaya masa gaskiya cewa kuɗi ne suka tsayar da ku, ku tambaye shi magani mai araha ko allurar da ake yi wata-wata, a kwance masa wannan ƙarfe.

Ruƙiya da Alƙur'ani halal ce, muddin babu duka babu shaƙa masa abin da zai cutar da shi, amma ba ta ɗauke wajabcin neman magani. Kun ga sauƙi da idonku lokacin da yake shan sa, wannan ya ishe ku hujja.

Sai batun nauyi, kuma a nan mutane da yawa za su yi mamaki. A mazhabar Malik, wadda muke kanta a Nijar, ciyarwar da alƙali zai tilasta wa mutum ba ta da faɗi. Ibn Abi Zaid ya taƙaita ta a Risala: matar mutum, iyayensa matalauta, da 'ya'yansa ƙanana da ba su da dukiya. Ɗan'uwa ba ya ciki. Hanafawa da Hambalawa sun faɗaɗa, sun shigar da 'yan'uwa bisa sharuɗɗansu. Wannan ba izini ba ne ka juya masa baya. Sada zumunci wajibi ne, kuma barin musulmi ya halaka kana iya cetonsa zunubi ne. Ma'anarsa ita ce malamanmu ba su taɓa ɗaukar cewa gida ɗaya zai ɗauki irin wannan kaya shi kaɗai ba. In mara lafiya yana da dukiya, daga cikinta waliyyinsa zai kula da shi, bisa aya ta 5 ta Suratun Nisa'i: ku ciyar da su daga cikinta, ku tufatar da su, ku faɗa musu magana mai kyau. In ba shi da ita, kuma babu wanda ciyarwarsa ta wajaba a kansa, nauyin ya koma baitulmali, wato asusun gwamnati a yau. Annabi (SAW) ya ce wanda ya bar dukiya ta magadansa ce, wanda kuma ya bar masu rauni to nauyinsu yana kanmu. Ya kuma ce shugaba shi ne waliyyin wanda ba shi da waliyyi. In baitulmali ya gaza, abin ya zama farillar kifaya: unguwa duka tana cikin laifi har sai wasu sun tashi.

Saboda haka hukuncina shi ne kula da masu taɓin hankali haƙƙi ne a wuyan hukuma, ba alfarma ba. Kuma ba sabon abu ba ne a tarihinmu. Asibitin da Ahmad ibn Tulun ya gina a Masar wajen shekarar 872, da wanda Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, duka suna da sashen masu ciwon hankali, kuma wakafi ne ke ɗauke da su. Muslim ya ruwaito daga Anas cewa wata mata da ke da wani abu a hankalinta ta ce wa Annabi (SAW) tana da buƙata, sai ya ce ta zaɓi hanyar da take so, ya tsaya da ita har ta gama. Shi ya je inda take.

Wannan shi ne ma'aunin. Sashen masu taɓin hankali na babbar likitar ƙasa a Yamai, wanda kowa ya sani da Pavillon E, yana nesa da ku fiye da kilomita 500. Magini ba zai iya ajiye aiki ya biya kuɗin mota na mutum biyu ko uku duk wata ba. Wajibi ne magani ya sauko kusa, a ƙananan likitoci (CSI) na unguwa da na ƙauye, a horar da ma'aikatan da ke wurin. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsari na musamman don haka. Ƙasar nan ta ɗauke kuɗin maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 tun 2006 don ta san rauninsu. Mai taɓin hankali, wanda shari'a ta ɗauke wa alƙalami, shi ma mai rauni ne, kuma a ganina ya cancanci irin wannan sassauci. Haka nan hana sayar da tramol barkatai yana cikin kare hankali, ɗaya daga abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare.

Zakka kuwa ta halatta, ba don ciwon ba, sai don talaucinsa. Ana damƙa ta hannun mai kula da shi, ya sayi magani da abinci da sutura. Kai kanka, in zakka ta hau kanka, kana iya ba shi, tunda ciyarwarsa ba ta wajaba a kanka ba, kuma ladanka biyu: na sadaka da na zumunci. Amma ba a gina asibiti da zakka a mazhabarmu. Wannan aikin wakafi ne da kuɗin gwamnati. Ka je wa limamin masallacinku da mai unguwa da ma'aikatar magajin gari, ka faɗi halin da kuke ciki ba tare da jin kunya ba, haƙƙinsa kake nema.

Sallolin da suka wuce shi hankali ba ya jikinsa, babu ramuwa. Azumi a mazhabar Malik yana ramawa bayan ya warke, Shafi'awa da Hambalawa kuwa sun ce babu ramuwa, kuma in shekarun sun taru har abin ya yi masa nauyi, yana da sauƙi a maganarsu. In likita ya ce kada ya tsallake magani da rana a watan Ramadan, ya sha, hukuncinsa na mara lafiya ne.

Wallahu a'alam.