Tambaya da Amsa: Madubin bindigar iska ya ƙi zama wuri ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne a yankin Auyo da ke jihar Jigawa, kuma ina da bindigar iska mai sifirin, irin wadda ake karya bakinta a sa ƙwaya mai kaurin milimita 5.5, wadda nake maganin gafiya da kurege da ita a gona da kewayen rumbu. Na ɗora mata madubin hangen nesa na saiti, amma duk sa'ad da na daidaita saiti, kafin kwanon ƙwaya ya yi nisa sai in tarar ƙafafun da ke riƙe madubin a kan bindiga sun ja da baya, harbi kuma ya bar inda nake nufi. Na ɗaure notocin har kan ɗaya ya lalace. Wani abokina ya ce in kai wa mai walda ya ɗan ɗiga, wani kuma ya ce in zuba sufa gulu. Mene ne mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka kai ta wurin mai walda, domin ƙarfen da madubin yake zaune a kansa shi ne bututun da fistin, wato ƙarfen da sifirin ke turawa ya matse iska, yake gudu a ciki, zafin walda kuma yana iya murɗe shi ya ƙona robar kan fistin, ga shi kuma yawancin ƙafafun madubi na alminiyom ne, ba sa haɗuwa da ƙarfe ta wannan hanya. Sufa gulu kuwa yana bushewa da gautsi, girgizar harbi tana fasa shi, ya bar maka datti a cikin tsagin da ƙafafun madubi ke kamawa.

Abin da ke faruwa da bindigarka ɗabi'ar duk wata mai sifirin ce idan tana da ƙarfi. Da ka ja kunama, sifirin yana wurga fistin gaba, bindigar ta motsa baya. Kafin ƙiftawar ido fistin ya isa ƙarshen bututu ya tsaya cak a kan iskar da ya matse, sai bindigar ta yi tsalle gaba da ƙarfin da ya fi na farko kaifi. Wannan bugu na biyu shi ne ke jawo matsalar, domin bindigar tana fizgewa gaba, madubi kuma saboda nauyinsa yana so ya tsaya inda yake, kamar yadda fasinjan babur yake zamewa baya a kan sirdi idan direba ya fizgi mai ba zato. Kowane harbi yana matsar da shi ɗan abin da ido ba ya gani, har ya taru. Yawancin bindigogin iska suna da tsagi biyu dogaye masu tazarar kusan milimita 11, waɗanda ƙafar madubi ke kamawa daga gefe da gefe, kuma babu wani abu a tsawonsu da zai tare ta sai matsi kaɗai. Shi ya sa ƙarin ɗauri bai yi maka amfani ba: abin da ƙafar take buƙata shi ne ta jingina da wani abu mai tauri.

Kafin ka taɓa komai, ka tabbatar da abin da ke motsi, domin zamewa iri biyu ce. Ka ja layi da fensir a jikin bindiga daidai gefen ƙafar baya, ka ja wani a jikin madubi daidai gefen zoben ƙafar da ya kewaye shi, sannan ka yi harbi 20 ko 30 ka duba. Idan layin ƙasa ne ya kauce, ƙafa ce ke tafiya a kan tsagi. Idan na sama ne, madubin ne ke sulɓewa a cikin zobba.

Maganin tafiyar ƙafa a kan tsagi shi ne ƙusar tsayarwa. Ka duba saman bindigarka tsakanin tsagin nan biyu, wajen baya, wataƙila za ka ga rami ɗaya ko fiye. Bindigogin Weihrauch na Jamus suna zuwa da ramuka uku a jere saboda wannan aiki, ƙirar Diana ma tana da wurin da ƙusar take shiga, wasu kamfanoni kuma suna ɗaura ɗan farantin ƙarfe a ƙarshen tsagi. Ƙafar madubi da aka ƙera domin bindigar iska tana da ƙusa a ƙasanta wadda ake saukarwa da alanki, wato ɗan lanƙwasasshen ƙarfen murɗa noti mai rami a kai. Ka sa ƙafa mai ƙusar a baya, ka saukar da ƙusar cikin ramin, sannan, kafin ka ɗaure notocin gefe, ka tura ƙafar baya da hannu har ƙusar ta dafe da bangon ramin na baya. Nan ne mutane da yawa suke kuskure, domin idan aka bar ƙusar a tsakiyar rami, harbi zai yi ta buga ta da bango har ramin ya faɗaɗa ko ita ta lanƙwashe. Haka kuma kada ka murɗa ta har ta taɓa ƙasan ramin da ƙarfi, don za ta ɗaga ƙafar daga mazauninta, madubi ya karkace. Idan babu rami, akwai ɗan tubalin ƙarfe da ake ɗaurawa a kan tsagi a bayan ƙafar baya ya tare ta. Ban yarda a kai bindiga a huda mata rami ba, saboda jikin bututun ba shi da kauri.

A ganina, bindiga mai ƙarfi irin taka ta fi dacewa da ƙafa guda mai haɗe, wadda zobbanta biyu suke kan gindi ɗaya dogo mai noti uku ko huɗu, domin tana kama tsagi mai tsawo, ba kamar ƙananan ƙafafu biyu da ake yawan haɗowa da madubi a kwali ba. Ka kuma lura da awo: akwai ƙafafun da aka yi wa tsagin inci 3/8, wato kusan milimita 9.5, waɗanda sukan hau tsagin milimita 11 a karkace, su yi kamar sun kama alhali bakinsu kaɗai ya taɓa.

Idan madubin ne ke sulɓewa a cikin zobba, maiko ne ya fi yawan jawo hakan. Ka kwance komai, ka goge tsagin, da haƙoran ƙafa, da cikin zobba, da jikin madubi da sifirit irin na kemis, ka bari su bushe. Mu nan muna da ɗabi'ar shafe bindiga da mai gaba ɗaya don gudun tsatsar damina, sai ƙurar hunturu ta zo ta haɗu da man ta zama santsi a daidai wurin da ake son kamu. Ka shimfiɗa salatif ɗin masu gyaran wuta falle ɗaya a cikin zobe idan babu wanda kamfani ya sa, kuma ka tabbatar zoben ya dace da madubin, don akwai mai kaurin inci 1, akwai mai milimita 30. Notocin saman zobe ba sa son ƙarfi. Abin da masu ƙera madubi suka fi bayarwa bai wuce kimanin nitan-mita 2 na awon ƙarfin murɗa noti ba, wato abin da yatsu za su iya idan ka riƙe alanki ta gajeren hannunsa. Ka riƙa ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan waccan, har tazarar gefe biyu ta zama daidai. Wanda ya wuce haka yana matse bututun madubin ya lalata abin da ke cikinsa. Ɗigon Loctite, wato gam ɗin da ake sa wa zaren noti, shuɗi mai lamba 242 ko 243, yana hana noti warwarewa kuma ana iya kwance shi daga baya; jan kuwa sai da wuta yake saki, don haka ka guje shi. Idan bai samu ba a kasuwar Hadeja, ɗigon jan farce a kan zaren noti yana ɗan taimakawa. Notin da kansa ya lalace ka canja shi.

Sauran aikin shi ne rage bugun tun daga tushensa. Madubi mai nauyi ya fi saurin zamewa, don haka madubi mai lamba 4x32 ko 3-9x40 (lambar farko yawan kusantowa ce, ta ƙarshe faɗin gilashin gaba a milimita) da aka rubuta cewa yana jure bindiga mai sifirin ya ishe ka a tazarar da ake harbin gafiya. Kada ka harba ta babu ƙwaya, kuma ka bar ƙwaya marar nauyi, domin ba ta tare iska yadda fistin zai sauka a hankali. A baki 5.5, ƙwayar dalma mai nauyin kusan giram 1 ta fi dacewa. Kada ka ɗiga man inji a ramin da iska ke bi zuwa ga ƙwaya, don matsi yana kunna shi ya fashe a ciki, ka ji ƙara ka ga hayaƙi, wannan kuwa yana karya sifirin ya girgiza madubi. Ka duba notocin da ke riƙe ƙarfen da katako, biyu a gaba da na wajen kunama, domin idan sun saki harbi zai watse ko da madubi bai motsa ba.

Tun da za ka sake saiti bayan gyaran, ka yi shi a inda akwai tudu ko katangar ƙasa a bayan abin da kake harbi, nesa da hanyar masu kiwo da yara, kuma ka bar layukan fensir ɗin nan a wurinsu har ka ƙarar da kwanon ƙwaya guda. Ka kuma riƙe takardunka, domin Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisin 'yan sanda ake mallakarsu a Nijeriya.