Ƙarfen takobi guda, kibiya nawa?

Ka ce ko kowa da takobi ya fita jihadin Shehu, tunda shi kake gani a hawan sallah. A'a, ɗana. Takobi da sulke galibi kayan masu doki ne. Dakare mai tafiya a ƙasa kwari da baka yake ratayawa, ya soke gatari ko kulki, in ya samu mashi da garkuwar fata ya gode Allah.

Dalilin yana nan cikin maƙerarmu. A wancan zamani ba a zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a sayo rodi. Sai an haƙo tama, an ƙona gawayi, an kwana ana fama da wuta kafin a ga ɗan dunƙulen ƙarfe. Ruwan takubba da yawa ma ta hamada ake kawo su, a Kano a yi musu ƙota da kube. Talaka ina ya ga kuɗin wannan? Amma ƙarfen takobi guda, in ka sassare shi, zai cika kwari da kibau har ya yi saura.

Kada ƙanƙantarta ta ruɗe ka, aikinta ya fi na lauje wuya. Ka buga tsinin ya yi siriri, sannan ka tayar masa da kunnuwa suna kallon baya tun ƙarfen na ja. Ka yi jinkiri ya huce, kunnen ya ɓalle. Na sha ranƙwashi a kan wannan wajen mahaifina, muna yi wa maharba. Sai a cusa gindin a kyauro a naɗe tam. Kibiyarmu ba a sa mata gashin tsuntsu, don haka ba ta nisa sosai. Kunnen ke hana ta fita, dafin ƙwanƙwani ya ƙarasa. Dafi kuwa ba namu ba ne, masu shi daban.

A Tabkin Kwatto, cikin watan Yuni na 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da 'yan lifidi da Buzaye. Jama'ar Shehu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na jagora, dawakinsu kamar ashirin ne. 'Yan baka suka tsaya suka yi ta ruwan kibau har Gobirawa suka juya. Ba kullum ake dacewa haka ba, a Tsuntsuwa, a ƙarshen shekarar, jama'a sun sha kashi ƙwarai.

Miƙo awartaki, ka koma kan zuga-zugi. Sai ka tayar da kunne goma ba wanda ya ɓalle sannan mu yi maganar mashi.