Kafin ka rabu da tsohuwar jitarka

Ɗan'uwa, ka ce jitar da ka fi so ta fara cin yatsunka, muryarta ta dushe, ga kuma sabon samfuri ya fito yana jan hankalinka. Ni dai a ganina, fara gano ciwonta tukuna, don yawanci ƙaramin gyara take nema.

Tsirkiyoyi ne farko. In sun yi wata uku ana kaɗa su, gumi da tsatsa sun riga sun kashe sautinsu, sai ka sauya duka shida. Daga nan auna tazarar tsirkiya da firet na 12 (firet su ne siraran ƙarafan da ke gicce a wuyan jita, ana ƙirga su daga kanta). A jitar da ba ta lantarki ba, mai kaurin ta tsaya wajen milimita 2.5, siririyar wajen 2. Da ta haura 3, dole yatsu su koka. Danna mai kaurin a firet na 1 da na 14 lokaci guda, ka leƙa na 7: tazarar kaurin siririn katin takarda ake so. In ta fi haka, wuyan ya lanƙwasa. A ɗaure sandar ƙarfen da ke cikinsa, kwatan juyi kawai, a bar shi ya kwana kafin a ƙara. Masu garaje ne ke karya sandar nan.

Ga inda maganar ke canzawa. Shimfiɗa doguwar rula a kan firet har zuwa jakin da tsirkiyoyi ke hawa. Ya kamata bakinta ya sauka daidai saman katakon jakin. In ta tokare shi daga ƙasa sosai, wuyan ya karkata daga gindinsa, sai an cire shi an sake dasawa. A jita mai araha kuɗin aikin nan kan fi kuɗinta, to nan kam sayi sabuwa.

In kuwa fuskarta katako ne guda ba falawud ba, riƙe abarka. Irin wannan katako sautinsa ƙara buɗewa yake da shekaru, alhali sabon samfuri sau da yawa fenti da na'urar ɗaukar sauti kawai aka sauya masa.

In ka je gwada sabuwa, tafi da taka, ka kaɗa abu ɗaya a kan kowacce. Kula da faɗin wuya: milimita 43 da 45 kamar ba bambanci, amma hannun da ya saba da ɗaya yakan daɗe yana tuntuɓe a ɗayan. Kuma kada ka sayar da tsohuwar sai sabuwar ta yi wata guda a hannunka.